Babur mai ƙafa huɗu na farko: wanne za ka saya don gona da shan iska?

Mai neman babur mai ƙafa huɗu karo na farko, wanda ake kira ATV, yawanci buri biyu ne a ransa. Yana son abin da zai kai shi ƙarshen gona da damina, lokacin da mota ke tsayawa a bakin titi, mai ƙafa biyu kuma sai an sauka an tura shi cikin taɓo. Yana kuma son in aiki ya lafa ya hau ya nausa jigawa ya sha iska. To, masu ƙera baburan nan ba su fito da guda ɗaya da ya cika burin nan biyu cif ba. Wanda ya fi daɗin wasa ba ya taɓuka aiki, wanda ya fi aiki kuma bai cika zafin nama ba. A ganina, ga yawancin masu farawa, amsar tana cikin rukuni ɗaya: na aiki, matsakaici, mai inji tsakanin cc 400 da 570, wanda ke ja da ƙafafunsa huɗu. Kuma a cikin rukunin, abin da zai raba gardama shi ne wanda za ka iya gyarawa a inda kake, kafin a zo maganar wanda ya fi gudu.

Asalin abin mai ƙafa uku ne. Honda ce ta fito da shi a Amurka a 1970, Suzuki ta kawo mai ƙafa huɗu a 1982, sannan Honda ta ƙara da mai jan ƙafa huɗu a 1986. Masu ƙafa ukun sun yi ta kifewa da mutane har a 1988 kamfanonin suka cimma yarjejeniya da gwamnatin Amurka suka daina sayar da su. Ko a kyauta aka ba ka tsohon mai ƙafa uku na wancan zamani, ka yi godiya ka bar wa mai shi.

Na tsere ko na aiki

Wannan ce mararraba ta farko, kuma ba ta da wuyar wucewa. Na tsere, irin Yamaha Raptor 700, bai kai kilo 200 ba, yana da kuloci a hannu da giya a ƙafa, sarƙa ce ke juya tayoyin baya, kuma su kaɗai ke ja. A kan rairayi babu kamarsa. Gasar Dakar, wadda a shekarun 1980 take ratsa Agadas da hamadar Tenere, ta ware wa masu ƙafa huɗu ajinsu daga 2009 zuwa 2024, kuma Raptor ne ya mamaye ajin. Amma ba shi da kariyar ɗora kaya, ƙarfen tayoyin bayansa yana kusa da ƙasa, kunyar gona ma tana iya tokare shi, ga ƙarfinsa ya fi ƙarfin hannun ɗan koyo. Wanda ke da ko kashi ɗaya cikin huɗu na aikin gona a lissafinsa ya cire shi.

Na aiki ya fi nauyi, daga wajen kilo 260 zuwa sama da 300. Yana da kariya gaba da baya, da wurin ɗaura tirela, kuma sandar ƙarfe ce a rufe ke kai ƙarfin inji ga tayoyi, babu sarƙar da yashi zai ci. Shi ma yana gudun da zai ishe kowa tsoro a kan hanyar burji. Wato na aiki yana iya yin wasa, na wasa ne ba ya iya aiki.

Girman inji da abin da zai ɗauka

Nan ne masu saye suka fi ruɗuwa, domin ido yana tafiya wajen lamba mafi girma. Akwai masu cc 850 da 1000 daga Polaris da Can-Am, akwai Kawasaki Brute Force 750 mai silinda biyu, akwai Suzuki KingQuad 750 da Yamaha Grizzly 700. Duka nagartattu ne, amma dubi abin da ƙarin kuɗin ke sayo maka ta fuskar aiki. Yamaha ta ƙayyade wa Kodiak 450 kilo 40 a kariyar gaba, kilo 80 a ta baya, da jan tirela mai kilo 600. Grizzly 700, wanda ya fi shi tsada da dubban daloli, kilo 50 ne a gaba, 90 a baya, tirela kuma kilo 600 ɗin dai. Ƙarin kilo 20 ke nan kacal. Sauran abin da ka biya na zafin tashi ne da gudu, da ƙarin shan mai, kuma su ne abubuwan da sabon mahayi ya fi buƙatar a rage masa.

Honda Rancher mai cc 420 ma ya fi su kaffa-kaffa: kilo 30 a gaba, 60 a baya, tirela kilo 385. A mayar da wannan lissafi zuwa buhu. Kariyar bayan Rancher buhun taki ɗaya mai kilo 50 take ɗauka. Buhun masara mai kilo 100 ya wuce ƙa'idar kariyar bayan ko da Grizzly ne. Duk wanda ya saba ganin an lafta wa Boxer buhu biyu, mai shi ya ɗare kan tanki ya kama hanyar kasuwa, zai ce ai wannan wasa ne. Ba rashin ƙarfin inji ne ya kawo ƙa'idar ba. Kaya a kan kariya suna ɗaga nauyin babur sama, kuma mai ƙafa huɗu ba ya kwantawa a kwana kamar mai ƙafa biyu, sai dai ya ɗaga ƙafa ya kife. Mafi hatsari shi ne tankin feshi da aka cika rabi, domin ruwan yana kai-komo a ciki, a gefen gangare sai ya tattaru ɓangare ɗaya.

Saboda haka amfanin babur ɗin a wajen ja yake. Ƙaramar tirela mai ƙafa biyu ita ce ke mayar da shi abin aiki: buhunan taki, injin ban-ruwa da tiyonsa, jarkokin ruwa, harawa, turakun shinge. Wanda zai saya ya sa kuɗin tirela cikin lissafi tun farko, ko ya ba mai walda na kirki ya haɗa masa, a sa mata tayoyi masu faɗi. Idan kuwa babban aikinka kwasar amfanin gona ne zuwa kasuwa a kan hanya mai ɗan kyau, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya ya fi maka, da nisa. Ya fi araha, ya fi ɗauka, kuma kayan gyaransa na nan a kowane gari.

Na ƙasa da cc 300, irin Honda Recon mai cc 229, suna da sauƙin sarrafawa da ƙarancin shan mai, amma tayoyin baya kaɗai ke ja. Don zagayen garke ko lambu a busasshiyar ƙasa sun wadatar. A fadama cikin watan Agusta za su kunyata ka.

Bel ko giya

A nan ya kamata a daɗe, don shi ne babban bambancin da ke tsakanin Honda da kusan dukkan sauran.

Polaris, Can-Am, Yamaha, Kawasaki da CFMoto suna amfani da bel na roba mai kauri da ke gudana tsakanin faifai biyu masu buɗewa da tsukewa. Babu canza giya. Ka zaɓi babba ko ƙarama ko ribas, ka danna totur da babban yatsa, shi ke nan. Ga ɗan koyo wannan babbar rahama ce, domin hankalinsa duka yana kan hanya. A cikin yashi ma bel ya fi, tunda ƙarfin ba ya yankewa ko na daƙiƙa ɗaya, kuma a yashi ɗan yankewar nan kan sa tayoyi su nutse. Raunin bel zafi ne. Mutum ya ɗaura tirela mai nauyi, ya bar babur a babbar giya yana tafiyar hawainiya, sai bel ya yi ta zamewa a kan faifai har ka ji ƙaurin roba. Maganin kawai a sa ƙaramar giya duk lokacin da ake ja ko ake hawan tudu a hankali, amma yaran gona ba sa tunawa. Haka nan in ruwa ya shiga gidan bel a mashigar rafi, inji zai yi ta kuka babur na tsaye, sai an kwance toshiyar da ke ƙasa an tsiyaye ruwan.

Yamaha ta rage wannan matsala da tsarinta na Ultramatic. Ta sa wani kuloci daban a cikin mai wanda shi ke ɗaukar wahalar tashi, bel kuma kullum a ɗaure yake, ba ya saki ya kama. Shi ya sa bel ɗinta ke daɗewa, har a Amurka take ba da garantin shekara 10 a kansa. Garantin ba zai biyo ka Afirka ba, amma yana nuna yadda kamfanin ya yarda da abinsa. Tsarin kuma yana riƙe babur da inji a gangare, ba sai ka dogara da birki kaɗai ba.

Honda ba ta sa bel a manyan baburanta na aiki. Rancher da Foreman giya biyar gare su ta haƙoran ƙarfe, kuma iri uku ake samu. Akwai na ƙafa, wanda ake takawa babu kuloci a hannu, daidai da yadda ake tuƙa mashin roba-roba. Akwai mai maɓalli a hannun hagu, ka danna sama ko ƙasa. Akwai kuma mai canza kansa da kansa, wanda suke kira DCT. Giyar farko tana da ƙarfi ƙwarai, tana ja a hankali yini guda ba abin da zai ƙone. Wanda aikinsa feshi ne zai so wannan, don in ya sa giya ta biyu ya riƙe totur a wuri ɗaya, gudun ba ya canzawa, maganin yana sauka daidai.

Cikin ukun, na ƙafa nake ba mutanenmu shawara. Mai maɓalli da mai canza kansa sun dogara da ƙaramar mota ta lantarki da na'urorin da ke gaya wa kwamfutar babur inda giya take. In ɗayansu ya samu matsala, ko batir ya yi sanyi, babur na iya maƙalewa a giya ɗaya fitila tana ƙiftawa, bakaniken ƙauye kuwa ba shi da abin da zai karanta ta da shi. Na ƙafa ba ruwansa da wannan. Illarsa ita ce in ka shiga ruwa ko laka mai zurfi, ƙafarka ta hagu tana ciki tana laluben giya, kuma a wajen wasa bai kai mai bel santsi ba.

Ƙafafun baya, sitiyari da jan huɗu

Wasu baburan tayoyin bayansu a kan ƙarfe ɗaya suke, suna hawa da sauka tare. Wasu kuma kowace taya da nata shokozoba, tana motsi ita kaɗai. Polaris ce ta yaɗa wannan na biyun da Sportsman 500 a 1996, yanzu kuma shi ya fi yawa. Mai ƙarfe ɗaya ya fi dacewa da tirela, domin nauyin yana sauka kan ƙarfen kai tsaye, babur ba ya durƙushewa, kuma abubuwan lalacewa kaɗan ne. Amma yana dukan ƙugu. Ka ratsa gonar da aka yi wa huɗa a kansa na awa biyu, da dare za ka san ka hau. Mai rarrabe ya fi taushi nesa ba kusa ba, cikinsa ya fi nisa da ƙasa, sai dai ya ƙara maka gaɓoɓi huɗu masu rigar roba a baya, kuma kututturen dawa ko ƙaya na iya yaga rigar. Da zarar ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga, sai ka fara jin ƙas-ƙas a kwana. Kodiak 450 da Sportsman 570 masu rarrabe ne. Foreman mai ƙarfe ɗaya ne, Honda Rubicon mai rarrabe, Rancher kuwa ana samunsa iri biyun.

Sitiyari mai taimakon lantarki, wanda ya fara yaɗuwa daga samfuran 2007, mutane na ɗaukarsa kayan ƙawa. Ni ban ɗauke shi haka ba. Amfaninsa ba sauƙin juyawa kaɗai ba ne. Idan taya ɗaya ta daki dutse ko kututture a ɓoye cikin ciyawa, kan babur yakan fizge da ƙarfin da zai iya targaɗa wuyan hannu, na'urar ce ke shanye fizgar. In kuɗinka na isa ɗaya ne kawai, tsakanin ƙarin cc 200 da wannan sitiyari, ɗauki sitiyarin.

Jan ƙafa huɗu ma iri-iri ne. A Rancher da yawancin Kodiak 450 kai ke sa shi, kuma in taya ɗaya ta gaba ta rataye a iska, ƙarfin da ke zuwa ɗayar yana da iyaka. Foreman da Grizzly suna da makullin da ke haɗe tayoyin gaba su juya tare, abin da ke fitar da mutum daga rami. Polaris nata yana shiga da kansa da zarar tayoyin baya sun fara zamewa. Ga mai farawa duk sun isa, sai dai wanda gonarsa ke cikin laka mai danƙo ya nemi mai makulli.

Zafi, ƙura da man bumburutu

An ƙera baburan nan ne da tunanin dazukan Amurka da Kanada. Polaris a Minnesota aka kafa ta a 1954, ta yi suna da ƙera abin hawan ƙanƙara, Can-Am kuma ta kamfanin BRP ce da ke Kebek. Wanda zai kawo su ƙasar da zafin Afrilu ke haura digiri 40 sai ya ƙara kula da abu uku.

Na farko lagireto. Yana gaba, daidai inda laka da 'ya'yan ciyawa ke taruwa. In ya toshe, fanka za ta yi ta juyawa a banza. Ana wanke shi da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba, domin injin wankin mota mai matsi yana lanƙwasa siraran fukafukansa. Masu sanyaya da iska da baƙin mai, irin Suzuki KingQuad 400 da tsofaffin Honda, ba su da wannan damuwa, amma su kuma suna ɗaukar zafi in ana jan kaya a hankali da tsakar rana.

Na biyu matatar iska. Soso ce da ake shafa wa mai na musamman. Da hunturu, ko in kana bin bayan wani a kan burji, tana cika cikin kwanaki kaɗan. A wanke, a bari ta bushe sarai, a shafa mai a mayar. Wanda ya mayar da ita a bushe ya buɗe wa ƙura ƙofar silinda. Ya kamata a mallaki biyu, ɗaya na ciki ɗaya na shanya.

Na uku fetur. Yawancin sababbin masu injekta ne: Rancher tun 2007, Foreman tun 2012, Kodiak 450 tun samfurin 2018. Injekta yana tashi da bugu ɗaya, yana tsimin mai, amma famfonsa da ke cikin tanki ba ya jure datti da ruwa. Wanda gonarsa ke nesa da gidan mai, dole sai na 'yan bumburutu, ya riƙa tacewa da mazurari mai matata kafin ya zuba, kuma kada ya saba barin tanki ya ƙafe. Tsoho mai kafireta kuwa, kowane mai gyaran babur zai kwance ya busa ya mayar. Wannan kaɗai ya isa ya sa tsohon Honda mai lafiya, irin FourTrax 300 da aka yi daga 1988 zuwa 2000 ko Rancher 350, ya zama abin nema ga mutumin karkara.

Sai taya. Iskarta kaɗan ce ƙwarai, tsakanin psi 4 da 7 gwargwadon samfuri, an rubuta a jikin babur. Ka kai wa mai faci ka juya baya, zai ɗura mata irin ta mota, ma'auninsa ma ba ya karanta ƙasa da 10 daidai. Taya mai iska fiye da kima tana sa babur tsalle, tana rage riƙon ƙasa. Ka ajiye ƙaramin ma'auninka a aljihun babur. Tayoyin da ake sayar da su da babur kuma sirara ne, ƙayar aduwa da ta bagaruwa suna huda su cikin sauƙi. Ka tanadi igiyar faci ta tubles da ƙaramin famfo, in sun cinye ka musanya da masu kauri shida.

To wanne?

In an tace duka, biyu ne ke rage mini a gaba: Honda Rancher mai jan huɗu da giyar ƙafa, ko yayansa Foreman mai cc 518, da kuma Yamaha Kodiak 450. A Amurka sababbin wannan rukuni suna kamawa daga wajen dala dubu 6 zuwa 8, kafin kuɗin jirgi da na kwastan.

Wanda aikin gona ya fi yawa a lissafinsa, ja da feshi da zagaye, kuma ma'aikata daban-daban ne za su riƙa hawa, ya ɗauki Honda. Yana jure rashin kulawa fiye da sauran, kuma tsarin injinsa ba baƙo ba ne ga bakaniken da ya san babur. Wanda rabin hawansa yawo ne, ko ƙasarsa yashi ce, ko bai taɓa tuƙa mai giya ba, Kodiak zai fi yi masa daɗi: ya fi taushi, ya fi ja a takarda, birkinsa na baya a rufe yake cikin mai, laka ba ta taɓa shi.

Polaris Sportsman 570 ya fi su biyun ƙarfi, doki 44 gare shi, kuma babu wanda ya kai shi taushin zama a wannan kuɗi. Can-Am Outlander da injinsa na Rotax ma haka. Ga Bahaushen da ke zaune a Amurka ko Kanada, dila na kusa da shi, ba zan hana shi ba. Ga wanda kowane boris da bushin sai an yo masa odarsu daga ƙetare, ƙarin ƙarfin bai kai wahalar jira ba. CFMoto ta ƙasar Sin ta yi nisa, baburanta na CForce suna zuwa da abubuwan da wasu ke sayarwa daban, a farashi mai sauƙi, kuma ba a haɗa ta da marasa suna. In akwai mai shigo da ita da kayan gyaranta a kusa da kai, ta cancanci a duba.

Marasa sunan, masu cc 110 zuwa 250 da ake gani a shagunan manyan birane, suna da fa'ida ɗaya ta gaskiya: injinsu ɗan gidan su injin baburan da muka saba ne, fistin da zobensa na kasuwa. Amma araha ba ta ado. Gangar jikin, da boris ɗin ƙafafu, da birki, ba a yi su don tirela ba. Na zagayen fili ne.

Idan kuma niyyarka ka riƙa ɗaukar wani, ka sake lissafi gaba ɗaya. Doguwar kujerar nan ba ta goyo ba ce. An yi ta ne don mahayi ya riƙa matsawa gaba a hawan tudu, baya a gangare, gefe a kwana. Mutum na biyu yana hana wannan, yana kuma mayar da nauyi baya, gaba ya ɗaga. Akwai waɗanda aka tsawaita musamman don mutum biyu, irin Outlander MAX da Sportsman Touring. Akwai kuma masu sitiyarin mota da kujeru gefe da gefe, da ƙarfen kariya a sama da bel na ɗaura jiki, waɗanda Kawasaki Mule ya buɗe wa hanya a 1988. Honda Pioneer 700 yana ɗaukar wajen kilo 450 a bodinsa na baya. Sun fi tsada, sun fi faɗi, ba sa bin siririyar hanyar ƙafa, amma ga magidanci mai son kai iyali gona su ne daidai.

Abin da gwanin babur ya kamata ya manta

Wanda ya ƙware a mai ƙafa biyu yakan ɗauka ya gama koyo, alhali wasu ɗabi'unsa ne za su ji masa ciwo. Babbar su sauke ƙafa. Da babur ya karkata, ƙafa takan fita da kanta ta dafa ƙasa, a nan kuwa tayar baya tana daidai bayan diddigenka, za ta kama ƙafar ta ja ka ƙasa. Ƙafafu ba sa barin matakala. A kwana, kan babur ake juyawa, a karkata jiki cikin kwanar, a taka matakalar waje. A kan kwalta kuma ya fi hatsari, domin a yawancinsu tayoyin baya biyu gudu ɗaya suke yi, dole ta ciki ta ɗan zame kafin a sha kwana. Ƙasa tana barinta ta zame, kwalta ba ta bari. Shi ya sa masana'antun da kansu suke rubuta cewa ba na titi ba ne.

Nauyin kilo 300 in ya danne ƙirji, ko ba a karye ba numfashi na iya gagara. A Amurka ɗaruruwan mutane ke mutuwa duk shekara a kan irin waɗannan ababen hawa. A Ostireliya sun daɗe cikin manyan abubuwan da ke kashe manoma, har daga Oktoban 2021 doka ta wajabta wa kowane sabon na aiki wani ƙarfe a baya da zai tokare ƙasa in ya kife. Honda da Yamaha da Polaris ba su yarda da dokar ba, suka daina sayar da nasu a can. Hular kwano dole ce, kuma babban babur ba na ɗan ƙasa da shekara 16 ba ne, komai nacinsa. A cire makulli a sa a aljihu.

Kafin ka biya ko sisi, ka tambayi halin da dokar babura take ciki a yankinka. An hana hawan babur a jihar Diffa a 2015, a wasu sassan Tillaberi a 2020, jihohi da dama na arewa maso yammacin Najeriya ma sun sha sa takunkumi saboda tsaro. Jami'in da ke shingen bincike ba lallai ya tsaya ƙirga ƙafafu ba.

In na hannu za ka saya

Yawancin masu shigowa ƙasashenmu na hannu ne, don haka a je da ido. Ka ce kada a tayar da shi kafin ka iso, ka taɓa inji ka ji da sanyi, sannan a buga ka kalli salansa. Shuɗin hayaƙi na nufin yana cin baƙin mai. Duba agogo, yana nuna awoyin aiki da nisan tafiya. Awa da yawa da tafiya kaɗan alamar babur ɗin gona ne, ya sha ja a hankali. Ka buɗe akwatin iska, ka cire matata, ka shafa yatsa a bututun da ke bayanta. In ka ji gari-gari, ƙura ta riga ta shiga inji, ka tafi abinka. Ka ɗaga kowace ƙafa da jak, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza, kada ta yi lakwaf-lakwaf. Ka leƙa rigunan robar gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya. Ka sa a ɗan kwance toshiyar man akwatunan haƙoran gaba da baya, in man ya yi fari-fari ruwa ya shiga.

Idan ka ga an ɗago lagireto an ɗora a kan kariyar gaba, ko bututun shaƙar iska sun fito sama kusa da sitiyari, ko an sa manya-manyan tayoyi masu zara-zaran haƙora, wannan babur a cikin kududdufi ya yi rayuwarsa. Komai ƙyallin robarsa, ka wuce. Ka bar inji yana aiki a tsaye har fanka ta tashi da kanta. Ka gwada jan huɗu a kan yashi ka ga tayoyin gaba na tono. Lambar jikinsa mai harafi da lamba 17 da ke buge a kan ƙarfe ta zo daidai da ta takardar kwastan.

Wanda kuma zai yi oda daga waje, sabo ko na hannu, ya sa a cusa masa kayan gyara cikin akwatin tun a can, tunda kuɗin aiko ƙaramin abu shi kaɗai yakan fi kuɗin abin: matatar iska biyu, matatar baƙin mai kamar shida, filogi, takalman birki gaba da baya, rigunan gaɓoɓi da giris ɗinsu, boris na ƙafa saiti ɗaya, bel guda in mai bel ne, famfon fetur in mai injekta ne, da littafin gyara na samfurin, wanda za ka ajiye wa bakanikenka kwafi.